Yadda tabarmar gem ta tada min kafa a kwallon raga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Agege ce, nan aka yanke min cibiya nan nayi firamare da sakandare, amma iyayena mutanen Katsina ne, harkar shanu ce ta kawo Babanmu Legas tun yana saurayi kuma har yau a mahautar Oko-Oba yake neman abincinsa. Abunda yasa nake son bada labarina shine akwai yara mata da yawa a unguwanninmu na Hausawa, Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende, wadanda Allah ya basu baiwar wasa amma babu fili babu izini babu kudin mota, sai baiwar ta mutu a daki. Ni a dakin tawa ta farfado, kuma ta hanyar da ban taba kawowa a raina ba.

Na fara buga kwallon raga ina aji biyu a karamar sakandare, da dogon wandona da karamin hijabi, kuma tun ranar farko na san wannan wasan ya shiga raina. Matsalar itace ni gajera ce. Ragar mata tsayinta mita 2.24 ne, ta maza 2.43, to mai tsayi irin nawa ko tayi tsallen duniya hannunta ba zai wuce saman raga yadda zata yi simash (wato dukan kwallo da karfi daga saman raga) ko ta tare na wani ba. Da na gama sakandare na shiga wani karamin kulob da ke tirenin a Surulere wajen National Stadium, sai koci ya kalle ni yace ke libero ce. Ga wanda bai sani ba, libero itace wacce zaku ga rigarta ta bambanta da ta sauran 'yan tim, a shekarar 1998 hukumar kwallon raga ta duniya FIVB ta shigo da wannan matsayin, kuma a dokarsu bata yin sabis (bugun da ake fara wasa da shi) bata yin bulok (tare kwallo a saman raga) bata dukan kwallo daga saman raga. Aikinta daya ne, kada kwallo ta taba kasa. Bangarenku mita 9 ne a tsaye mita 9 a kwance, ku shida ne a ciki, amma in kwallo ta fadi a baya ke kowa zai juyo ya kalla.

Hannuna yana da kyau, wannan kowa ya shaida. In kwallo tazo daidai inda nake zan dora wa seta (mai daga wa masu simash kwallo) ita a saman kanta kaman da hannu na ajiye. Amma in ta kauce taku biyu dama ko hagu, sai na iso bayan ta riga ta sauka kasa da gwiwata, sai dai in mika hannu daya in tsikare ta ta tafi inda ta ga dama. Koci, wani dattijon Bayarabe ne mai hakuri sosai, kullum maganarsa daya ce, hannunki ya farka kafarki na bacci. Ya sa ni tsanin nan na igiya da ake shimfidawa a kasa ana tsallake ramukansa da sauri, ya sa ni gudun da ake jera robobi kaman harafin T, ki ruga gaba ki ja gefe ki ja daya gefen ki dawo da baya, duk nayi, kuma abun mamaki a tsani babu wacce ta kai ni sauri a tim din. Ranar wasa kuma sai a koma gidan jiya. Wannan abun ya dade yana cin raina, ina komawa gida a danfo ina ta tunani har a sauke ni ban sani ba, taya mutum zai fi kowa sauri a tirenin kuma ya fi kowa makara a wasa.

Karshen 2019 muna wasan sada zumunci ni da wata abokiyar wasana muka bi kwallo daya, na taka kafarta, idon sawuna ya juya. Targade ne amma mai tsanani, kafar ta kumbura ta yi baki. A kwallon raga wannan shine ciwon da aka fi samu, yawanci ma a gindin raga ne in mutum ya sauko daga tsalle a kan kafar wani. Aka kai ni wajen mai dori ya ja ya daure, daga baya na je asibiti aka duba akace kashi lafiya lau jijiyoyi ne. Baba ya zauna a bakin katifata yace Uwata, (sunan mahaifiyarsa gare ni shi yasa yake kirana haka) ya isa haka, 'ya mace da gurguwar kafa a garin mutane ba dadi. Ban yi masa musu ba. Kafar ta warke amma tsoro bai fita ba, ko kwata zan tsallake sai na tsaya na lissafa. Ana cikin haka korona ta shigo, ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas, babu fita babu kasuwa babu filin wasa, ni a raina na riga na binne kwallon raga.

Yayana yana gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja. Kafin kulle ya sayo wata tsohuwar PlayStation 2 tokumbo a Alaba saboda gem din kwallon kafa, sai mai shagon ya hada masa da wata tabarmar roba a nannade da kaset daya don babu mai saye. Tana nan a saman wadrob har sai da zaman gida ya ishi kowa, kannena suka sauko da ita. Sunan gem din Dance Dance Revolution, wani kamfanin Japan mai suna Konami ne ya fito da shi a 1998, shekarar da aka kirkiro libero kenan, da farko a gidajen gem ake buga shi a kan dandamalin karfe kafin su yi na gida. Tabarmar tana da kibiya hudu, gaba baya dama hagu. A talabijin kibau suna tasowa daga kasa suna hawa sama, a can saman akwai wasu hudu a tsaye, daidai lokacin da mai tasowa ta hau kan ta tsaye sai ki taka irinta a tabarma. In kin taka daidai ya yaba miki, in kin makara ko kin yi gaggawa ya rage miki maki, in kuskure yayi yawa ya kore ki. Wani lokacin biyu zasu zo tare sai kin yi tsalle kin taka da kafa biyu, wani lokacin doguwa zata zo sai kin danne ta da kafa daya kina aiki da dayar.

Da farko kallo kawai nake. Sai wata rana da rana kowa na bacci na hau, na zabi mafi sauki. Wallahi kafin waka daya ta kare na jike sharkaf da gumi, kuma abunda ya tsaya min a rai shine sai da na sauka na tuna ashe a kan kafar da ta yi targade nayi ta tsalle. Hankalina duk yana kan allo, tsoron bai samu wajen zama ba. Na zauna a kasa nayi kuka, Umma ta shigo a rude tana tambaya ko kafar ce, nace mata a'a Umma, kafar ce ta dawo.

Inda aka samu matsala shine kida. Gidanmu gidan haya ne daki na kallon daki, Baba kuma mutum ne da ake girmamawa a masallacin layinmu, ya shigo ya tarar da 'yarsa budurwa tana tsalle tsalle gaban talabijin kida na tashi. Bai yi fada ba, Baba ba mai daga murya bane, kawai yace Uwata rawa kika koma? a gidana? Na durkusa nace Baba kuyi hakuri, wallahi ba don rawa nake yi ba, kafata nake gwadawa, ku duba ku gani. Yaya ya sa baki yace Baba a Amurka ma akwai jihar da ake kira West Virginia da suka saka wannan gem din a makarantun gwamnati don yara su rika motsa jiki. Baba yace shi babu ruwansa da Amurka, kida ne baya so a dakinsa. Sai yace in dai motsa kafa ne a kashe sautin, in kuma ba zai yiwu ba sai da kida to a nannade tabarma a mayar inda aka dauko.

Na kashe sauti. Kuma ina gaya muku wannan sharadin na Baba shine ya zama alheri mafi girma a duk labarin nan. Da kida, kunne ne yake jan kafa, kina jin bugun ganga kin san lokacin taku ya yi ko baki kalli allo da kyau ba, bayan kwana biyu ma kin haddace wakar jikinki na tafiya shi kadai. Da babu kida, ido ne kadai ya rage. Sai kin ga kibiya, kin auna saurinta, kin san wace kafa ce a sake wace ce ke dauke da nauyinki, sannan ki taka, duk a cikin kiftawar ido. A nan na gane abunda ya dade yana damuna. Tsanin igiya haddarsa nayi, kafata ta san abunda zai zo kafin ya zo, shi yasa nake da sauri a kai. Kwallo kuma bata sanar da kowa inda zata. Musamman sabis din nan da ake bugawa kwallon bata juyawa, tana tafe tana lilo a iska, kin tsaya mata a dama sai ta zame hagu a dakikar karshe. Ashe ni ba gudu na rasa ba, tsakanin idona ya gani da kafata ta tashi ne ake samun jinkiri, kuma duk shekarun nan babu atisayen da ya taba wannan wajen.

Gem din kuma yana da wasu saituna da suka kara min. Akwai wanda yake hargitsa kibau, wakar da kika sani sai ta zo da taku daban, babu maganar hadda. Akwai wanda yake boye su sai sun kusa kaiwa sama sannan su bayyana kwatsam, wannan shine na fi so don shine ya fi kama da simash din da ya goge hannun masu bulok ya canza hanya. Akwai na kara saurin tasowarsu. Na kuma lura da wani abu, duk sabon shiga in ya taka kibiya sai ya dawo da kafarsa tsakiyar tabarma ya tsaya kafa a hade, kuma wannan dawowar ce take cinye masa lokaci. Wanda ya iya baya komawa tsakiya, inda kafa ta sauka nan take jira, nauyi na kan gaban tafin kafa diddige bai cika taba kasa ba, gwiwa a dan lankwashe. Da na fara yin haka sai naji muryar koci a kunnena, don shekara da shekaru yana ce min daga diddigenki daga kasa, ina jin maganar amma jikina bai taba fahimta ba sai a kan wannan robar.

Da aka sassauta kulle na roki Baba ya barni in koma ko sau daya ne. Umma ce ta taya ni, tace Alhaji yarinyar nan tunda ta fara wannan abun take cin abinci take bacci, a barta. Ya yi shiru can yace a dawo kafin magariba. Ranar da na koma ana tirenin karbar sabis, wata doguwa a tim dinmu mai mugun hannu ta sako min daya can kusurwar hagu, irin wacce da sai dai in bi ta da ido. Ban san lokacin da na isa ba, kawai na tsinci kaina a bayan kwallon kafa biyu a kasa hannu a hade, ta tashi ta sauka a kan seta. Koci ya busa usur ya tsayar da kowa yace wa ya koya miki wannan a kulle? Da na gaya masa gem ne sai ya rike baki. Bai raina ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da nake ganin girmansa, sati na zagayowa yace in zo da tabarmar ya gani da idonsa.

Amma bari in fadi gaskiya don kada wata ta karanta ta dauka tabarma zata maye mata fili, ba zata maye ba. Tabarmar nan duka duka bata wuce taku daya kowane gefe ba, a fili kuwa sai kin ja mita biyu uku a gefe ki tsaya cak ki sake komawa. A gem a mike kike kusan, libero kuma a tsugune take rayuwa, cinya na wuta. Gem baya koya miki faduwa da mirginawa, baya koya miki karanta mai simash, yadda ta taho da gudu da inda kafadarta ta kalla da yadda ta bude hannu, wanda rabin aikin libero kenan. Kuma baya sa karfi a cinya da kugu. Koci da kansa ya zauna ya hada min su, yace gem kafin tirenin ko ranar hutu, gajere gajere ba har sai na galabaita ba, don in kin gaji taku yana lalacewa kuma lalataccen taku kike koya wa jikinki. Sannan ya dauko dabarar ya kawo fili, maimakon mu bi robobi a jere yadda muka saba sai ya tsaya a gaba da kwallo a hannu, inda ya nuna nan zaki ruga, wani lokacin ya nuna dama ya jefa hagu. Duk tim din suka amfana har wadanda basu taba ganin tabarmar ba.

Akwai masu tambayata Just Dance fa, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2009, tunda shi yanzu ko da waya ana bugawa. Na gwada a gidan wata kawata. Yana sa gumi sosai kuma yana da dadi, amma a ganina ga 'yar kwallon raga bai kai na tabarma ba, saboda in da waya ko rimot kike bugawa hannun da ke rike da ita kadai yake aunawa, kafarki ko ta taka daidai ko bata taka ba babu mai tuhumarki. Kuma shi rawa ce sosai ana kwaikwayon mai rawa a allo, ba zai yiwu babu kida ba, a gida irin namu kuwa kun san inda zancen zai tsaya. Akwai kuma Pump It Up na Koriya ta Kudu mai wajen taku biyar, kusurwa hudu da tsakiya, wannan takun na kusurwa ya fi kama da yadda muke ja a fili. Wacce bata da PlayStation kuma akwai StepMania, kyauta ne ana saukewa a kwamfuta a jona tabarma mai USB.

Abu biyu zan ja kunnen duk mai son gwadawa. Tabarmar roba tana zamewa a kan tayil, ni sai da Yaya ya kai wa kafinta aka manna ta a kan falanki aka sa soso siriri a karkashi, hakan ya kuma rage dukan siminti da ke sa ciwon kwauri, ya rage karar da ke damun makwabta. Na biyu in kina da targade sabo kada ki hau sai kumburi ya sabe kina iya tsayuwa a kan kafar ita kadai babu zafi, kuma a fara da mafi sauki.

Yanzu na rage buga gasa saboda karatu da dan dinkin da nake yi, amma duk Asabar da safe dakin Umma cika yake da yaran layinmu mata, 'yan shekara goma zuwa sha biyar, a ture kujeru a shimfida falanki, talabijin shiru sai karar kafa da ihunsu in wata ta tsallake mataki. Iyayensu sun yarda saboda a cikin gida ne, gaban Umma, babu kida babu maza. Bayan nan sai mu fita tsakar gida in daura igiyar shanya in koya musu hada hannu da karbar kwallo. A cikinsu akwai wata 'yar siririya mai shekara goma sha uku, wallahi ban taba ganin ido da kafa masu jituwa irin nata ba, saitin da ya dauke ni watanni ita a 'yan makonni ta wuce shi, kuma tana da tsayi, wannan ba libero bace mai simash ce in ta samu fili. To filin shine matsalar, daga Agege zuwa Surulere mota biyu ce ga go-sulo, kuma mahaifinta yace shi 'yarsa ba zata sa wando ta je gaban jama'a ba.

Na kai wa Baba maganar ina dari dari. Ya tambaye ni wane irin kaya zata sa, wa zai kai ta wa zai dawo da ita, karfe nawa ake tashi, akwai wajen sallah ko babu, na amsa masa daya bayan daya, nace ni zan rika tafiya da ita kafata kafarta, kudin mota kuma daga dinkina. Yace to ki bari ni zan same shi, ba maganar yara bace. Sun hadu sau daya bayan sallar isha'i, mahaifin nata bai amince ba amma bai rufe kofa ba, yace yana so ya je ya ga wajen da idonsa tukuna. Mun sa ranar Asabar mai zuwa, Baba yace shi ma zai bi mu, koci kuma ya riga ya ce zai ware musu benci a inuwa. Ku taya mu da addu'a Allah ya sa ya yarda.